Mai Zuwa da Rana Tsaka

Elukwatini, ƙarshen Agusta, 1999

Mzala Mancoba, taubashina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da tulin takardun da ka aura a maimakon mace. Mu nan da sauƙi. Sanyi ya fara sakinmu, jar saniya ta haihu, tsohuwata Gogo kuma tana nan yadda ka san ta: gwiwa ta ƙi, baki bai ƙi ba. Ta ce in tambaye ka ko a Johannesburg doka aka kafa ta hana mutum zuwa gaida matar kawunsa.

Maganar Tengetile ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ubanta, ƙanena Sikelela, ya rasu, uwarta ke fama da ita ita kaɗai a Witbank, ga aiki ga asmar yarinya. Da sanyi ya shigo, hayaƙin kwal ya rufe unguwarsu, sai muka yi abin da aka saba, aka kawo ta gida ta sha iskar tudu. Haka aka yi wa Baba da ya dawo daga ramin ma'adinai da ruɓaɓɓen ƙirji. Haka ake yi wa kowane mai tari a gidan nan.

Da farko ta murmure har ta yi kumatu. Muna kula da ita yadda muka gada. Da safe, lokacin da hazo da hayaƙin murhu ke kwance a kwari, ba ta fita. In rana ta take, sama ta yi tas, sai mu shimfiɗa mata tabarma a kan falalen dutsen nan na bayan garke, inda Baba ya riƙa kwanciya har ya cika, rana ta gasa mata ƙirji zuwa la'asar.

To, tun da zafi ya fara, abin ya juye. Tana tashi lafiya lau, ta sha nono, ta kori kaji. Mu kai ta dutse, kafin inuwa ta karkata ta fara wani busasshen tari, idanu suna ruwa. Shekaranjiya na ce mata, "Ina ke miki ciwo?"

Ta ce, "Ba ciwo ba ne, Anti. Wani ne ke zama a nan." Ta dafa ƙirji.

"Wa?"

"Ba na ganinsa. Ba ya zuwa da safe."

Na ce mata ta daina shirme.

Sai kuma tabar Gogo, wadda take shayarwa da hannunta a jikin garke, wadda daga ita take niƙa garin da ake zuba wa magabata. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari, kamar an yayyafa masa toka mai zafi. Babu tsutsa, babu ƙwaro, na duba sama da ƙasa. Gogo ta ce waɗanda suka kwanta ne suka ƙi tabarta. Na sa maka ganye biyu a ambulan. Kai da ka ce ka karanta komai, karanta wannan.

Shongwe mai tasi ne zai kawo maka. Ka ba shi amsa, kada ka ba shi labarin siyasa.

Taka,
Lomasontfo


Johannesburg, farkon Satumba

Mzala Lomasontfo,

Na samu wasiƙarki da ganyenki. Shongwe ya miƙo mini a tasha yana shinshinar ambulan, wai ko wiwi kuka fara nomawa. Ina lafiya. A gaida Gogo, a ce mata ina nan tafe. Ke kuwa, mace da ta sallami miji biyu ba ita za ta koya mini aure ba.

Yanzu ki karanta a tsanake.

A jaridarmu an mai da ni kan labaran muhalli, saboda haka na san wata malamar jami'a da ke auna iska. Na kai mata ganyen. Ta juya shi ta nuna mini abu uku: ɗigon a saman ganye yake, ƙasansa lafiya, tsohon ganye ya fi sabo lalacewa, kuma inda wani ganye ya yi wa ɗan'uwansa inuwa, wurin ya tsira. Ta ce ba za ta rantse ba sai ta kafa na'ura a wurin, amma wannan ya yi kama da aikin wata iska mai suna ozon, kuma taba tana cikin tsiron da ke fara nuna shi.

Wataƙila kin ji sunan a rediyo, ana cewa ya huje a can sama. Wancan na nesa alheri ne, yana tare mana mugun hasken rana. Na ƙasa, wanda ake shaƙa, shi ne matsalar. Kuma babu wani bututu da ke fitar da shi. Haɗuwa yake yi a hanya. Duk wuta mai tsananin zafi, irin ta tashoshin lantarkin da suka kewaye Witbank da ta injin manyan motoci, tana sakin wani hayaƙi da ido bai cika gani ba. A ɗaya gefen akwai tururin fetur da na fenti, da hayaƙin ƙunar daji, har da ƙamshin da gonakin itacen turare ke saki in sun ji zafi. Biyun nan in suka gauraya, sai rana ta buge su sannan ozon ke fitowa. Rana ce ke dafa su, dahuwar kuma tana cin sa'o'i, iska tana tafe da tukunyar. Shi ya sa abin da ya tashi daga wajen Witbank da safe, in iska ta yi gabas, ba ya nuna sai ya iso kanku da rana tsaka. Da yamma ya lafa. Wani abin mamaki kuma, a bakin babban titi sabon hayaƙin mota yana cinye shi. A tudu mai tsabta irin naku ba abin da ke cinye shi.

Ba shi da launi. Ranar da sama ta fi kyau, ranar ya fi yawa, kuma bazara kafin saukar ruwa ita ce lokacinsa. A huhu yana ƙuna ne yadda rana ke ƙona fata. Mai lafiya ya ji ƙaiƙayi a maƙogwaro ya wuce. Mai asma ya rasa numfashi.

Saboda haka ku juya al'adar. Ta yi wasanta da safe, nesa da murhu. Daga hantsi ya ɗaga har yamma ta zauna a ɗaki. Kada a ƙara kai ta dutse. A kai ta asibiti a sabunta mata abin shaƙa. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma a watan nan, da tsakar rana, iskarku tana iya fin ta Witbank cutar da ita ta wannan fuska.

Naki,
Mancoba


Elukwatini, tsakiyar Satumba

Mzala,

Muna gaisuwa. Ruwa shiru, ciyawa ta zama kamar gashin tsohon jaki. Tengetile tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata fensir mai launi.

Na karanta wasiƙarka ni kaɗai, sannan na karanta wa Gogo, domin ta ga ambulan ta ce ba a ɓoye mata maganar ɗan gidanta. Ta saurara idanu a rufe. Da na gama ta ce, "Maimaita mini. Daga ina ya ce abin ke tasowa?"

"Daga wajen Witbank, Gogo."

"Yaushe?"

"Da safe."

"Ya iso nan yaushe?"

"Da rana tsaka."

"Ana ganinsa?"

"A'a."

"Wa yake taɓawa a gidan nan?"

Ta buɗe ido ta ce, "Yaron nan ya yi karatu, amma bai san abin da ya rubuta ba."

Ba sai na tuna maka ba. A hanyar Witbank motar kwal ɗin Sikelela ta kife, da sassafe. Mun kawo gawa mun binne, amma ba wanda ya je da reshen magaryar kura ya ɗauko ruhinsa daga inda ya faɗi ya rako shi gida yadda al'ada ta ce. Kai kana ƙasar waje, fasto ya ce ba dole ba ne, mu kuma gajiya ta sa muka yarda. Gogo ta ce har yau yana can bakin titi. Kullum da safe ya kamo hanya yana neman 'yarsa, ya iso da rana, yamma ta yi ƙarfinsa ya ƙare ya koma. "Uba ne ke rungumar 'yarsa," in ji ta, "bai san ya yi nauyi ba."

Na ce, "Gogo, iska ce. Hayaƙin mota ne da rana."

Ta ce, "Motar wa?"

Ka ba ni amsar wannan, mai jarida, domin ni ban samu ba.

Maganar iskarmu ta fi ta Witbank kuwa, ban karanta mata ba. Ni ma ta tsaya mini a wuya. Kai da ke zaune inda farar riga ke komawa baƙa kafin yamma, kai ne za ka zagi iskar da ta raine ka? In uwar yarinya ce ta sa ka ka nema mata hanyar karɓe 'yarta, ka faɗa mini kai tsaye.

Duk da haka na gwada. Na riƙe ta a ɗaki da rana wasu 'yan kwanaki, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, tarin ya ragu. Amma Gogo ta ce ɓoye ɗa daga ubansa ba magani ba ne, fushi ake tarawa. Ƙarshen watan nan maza za su ƙona ciyawar da ke kewaye da kaburbura a kan tudu, yadda ake yi kowace shekara kafin ruwa. An jiƙa dawar giya. Gogo tana so ranar a zaunar da Tengetile gaban kabarin ubanta, a roƙe shi ya sassauta.

Abu ɗaya ne zai hana. Kai kaɗai ne namijin da ya rage da zai iya ɗauko shi. In ka ce za ka zo da reshen, ina jin zan iya jan Gogo ta jira ka. Ka amsa kafin ranar.

Lomasontfo


Johannesburg, Satumba

Mzala Lomasontfo,

Ina gaida ku duka. Lafiyata lau, sai dai wasiƙarki ta hana ni sukuni.

Zan ɗauko shi. Ki gaya wa Gogo haka, da waɗannan kalmomin. Ban yarda da fassararta ba, kuma ba zan yi kamar na yarda ba, amma Sikelela ɗan kawuna ne, tare muka yi kiwo, kuma abin da ya kamata a yi masa ba a yi ba. Sharaɗina ɗaya: daga yau har ruwa ya zauna, yarinyar ba ta dutse, ba ta tudu, ba ta fita da rana. Ranar ƙuna ma ku rufe ta a ɗaki ku toshe taga. Hayaƙin ciyawa shi kansa ya ishi mai asma, balle ga rana a kai, ga abin da iska ta riga ta kawo.

Uwarta ba ta sa ni komai ba. Ban ma gan ta ba. Kuma ban zagi iskar gida ba, Mzala. Ba ku kuka ɓata ta ba, aiko muku ake yi. Witbank kuma tana da nata dafin, toka da ƙaurin kwal, ban ce a mai da ita can ba.

Na koma wurin malamar na tambaye ta yadda ake rage abin. Ta ce tun da ba a iya kashe rana, sai dai a rage abin da take dafawa. A sa wa tashoshin lantarki na'urar tace hayaƙi. A riƙa kai kwal ta jirgin ƙasa maimakon dogon layin motoci. A gyara tsofaffin injuna, a rufe tururin da ke tashi a gidajen mai, a rage ƙunar daji, wadda ta zama dole kuma kada a yi ta da tsakar zafi. Ta ce akwai biranen duniya da suka bi wannan hanya, abin ya sauka, amma da shekaru. Ki duba jerin nan ki ga nawa ne ke hannunki.

Na rubuta labarin. Editana ya karanta ya ce, "Ina hoton?" Na ce abin ba ya ɗaukuwa a hoto. Ya ce, "Mancoba, so kake in buga shuɗiyar sama a shafin farko in ce wa mutane su ji tsoro?" An datse shi, an sa shi a ciki, ƙarƙashin tallan taya.

Na je tasha ban ga Shongwe ba. An ce direbobi sun yi rikici kan hanya, an harbi wani, ba motar da ke zuwa wajenku. Zan jefa wannan a gidan waya. Da zarar hanya ta buɗe ina tafe.

Naki,
Mancoba


Asibiti, farkon Oktoba

Mancoba,

Ba ni da dogon gaisuwa. Tana da rai. Fara da wannan.

Na jira amsarka. Kullum ina aika a duba ko Shongwe ya shigo. Ban san da rikicin ba sai daga baya, labari ba ya hawa tudunmu da wuri. Da shirun ya yi yawa, Gogo ta ce, "Kin gani? Ya ji kunyar ya ce a'a ne. Mutumin birni ba zai zauna a mota yana magana da itace ba." Ni ma haka na ɗauka. Na ji haushinka, kuma haushin ya sa bakina ya mutu a gabanta.

Ranar ƙuna sama ta yi wani irin kyau, ko ɗigon gajimare babu. Maza suka sa wuta da hantsi, suka kewaye kaburbura da ɗanyen ganye a hannu. Da wutar ta wuce aka share toka, aka zaunar da Tengetile a kan fata gaban kabarin ubanta. Gogo ta zuba giya, ta zuba garin taba, ta fara yi masa magana kamar yana tsaye. "Sikelela, kai ne babba ko ita? Sake ta mana. Tun kana yaro ba ka san ƙarfin hannunka ba."

Yarinyar ta zauna, ta harɗe ƙafa yadda aka koya mata. Can sai na ga kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Ta waiwayo ta ce, "Anti, ya zo." Leɓɓanta suka canja launi ina kallo. Na matsa mata abin shaƙa, ya yi kamar ban matsa ba.

Na goya ta na gangaro. Ban san ina da irin wannan gudun ba. Motar masu yankan katako ce ta tsaya mana a hanya. A bayan motar, tsakanin gumagumai, ina jin ƙirjinta yana fito a bayana kamar tsohuwar buta.

A asibiti sun sa mata iska ta hanci. Likita ya tambaye ni inda take lokacin da abin ya taso. Da na faɗa masa bai yi faɗa ba, rubutu kawai ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo.

Jiya maƙwabciyarmu ta kawo mini abinci, ta haɗo da wasiƙarka. A gidan waya ta kwana tun kafin ranar ƙuna. Na karanta layin farko, "Zan ɗauko shi," na fita baranda na zauna a ƙasa.

Uwarta ta zo. Ta ce za ta tafi da ita, sai kuma ta tuna ɗakinta da ke kallon tudun tokar kwal. Mun zauna mu biyu muna kallon yarinya tana barci, kowa na jiran ɗaya ta faɗi inda za a kai ta.

An ce hanya ta buɗe. Ka zo.

Lomasontfo


Johannesburg, ƙarshen Oktoba

Mzala Lomasontfo,

Na iso lafiya. Ina fata Tengetile tana ƙara samun sauƙi, kuma fensiran ba su ƙare a bangon Gogo ba.

Kin tambaye ni yadda tafiyar ta kasance, na ce miki ba komai. Gida cike yake da mutane, ban iya ba. Ga shi yanzu.

Shongwe ne ya kai ni wurin, ya san kwanar. Babu wata alama, sai ciyawa da ta yi baƙi da ƙurar kwal da gutsuren gilashi da ban san ko na wa ba ne. Motocin kwal suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana rawa. Na tsuguna, na taɓa ƙasa da reshen yadda Gogo ta ce. Na yi zaton zan ji kunya. Na ce, "Sikelela, ni ne Mancoba. Tashi mu tafi gida." Muryata ta fito daidai, kamar ina kiransa daga bayan shanu.

Shongwe ya bar masa kujera kusa da taga. Wata mata mai buhun lemo ta zo za ta zauna, ta ga reshen, ta ce, "Yi haƙuri, baba," ba ni take wa magana ba, ta koma baya. Duk motar ba wanda ya tanka mini, sun san mai ɗauke da reshe ba ya amsa wa kowa kuma ba ya waiwaye. Har rediyo aka kashe. A kowace gada nakan sunkuya in gaya masa sunan kogin, kada ya ɓace.

Mun tashi da safe. Bututan tashoshi suna hagu da dama, abin da ke fita daga bakinsu ya kwanta ya yi gabas, mu ma gabas muka yi. Bayan garin Carolina ya ɓace wa ido, sama ta wanke. Na san bai tsaya ba. Na san yana bisa kanmu, rana tana aikinta a kansa, muna tafiya ɗaya, kuma kusan tare za mu iso. Ina zaune da abin da na sani a kaina, da reshe a hannuna, ƙaya ta shige mini babban yatsa ban iya cirewa ba. Muka sauka rana tana tsaka. Da na taka hanyar gida maƙogwarona yana ƙaiƙayi.

Ban canja ra'ayi ba. Abin da ke taɓa ƙirjinta yana da suna, ana auna shi, kuma mutane ne za su rage shi in sun ga dama. Malamar ta yarda za ta nemi izinin kafa ƙaramar na'ura a makarantarku, amma sai baɗi. Ni kuma zan ci gaba da rubutawa har edita ya gaji da datsewa.

Gogo ta yi mini alkawari a bakin garke, gaban reshen, cewa yarinya ba za ta ƙara fita da rana ba. Ki riƙe ta da wannan.

Naki,
Mancoba


Elukwatini, Nuwamba

Mzala,

Muna gaisuwa. Tengetile ta samu sauƙi ƙwarai. Da safe tana zuwa makaranta, shugaban ya yarda ta dawo kafin rana ta take. Da rana tana ɗaki tana zane. Ta yi hotonka da ƙaton ciki, na ce mata gaskiya ba laifi ba ce. Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau, muka yi shuka, sai kuma sama ta sake wankewa.

Gogo ta cika alkawari. Ko ƙofa yarinyar ta leƙa da rana, sandarta za ta ji.

Bayan tafiyarka ta yi kwanaki cikin farin ciki. Ta ce Sikelela ya shigo, tana jinsa a garke tare da Baba. Ta tsinke duk ganyen tabar da ya lalace, ta jira sabo. Sabon ya fito kore shar, ya yi faɗi. Makon jiya na same ta tsaye a kansa da sanda. Ɗigon ya dawo.

Na shirya jin ta ce aikinka bai karɓu ba. Ba ta ce ba. Ta daɗe tana kallon yamma, sannan ta ce, "Lomasontfo, mutum nawa ne suka mutu a ramukan can da hanyoyin can?"

Na ce, "Wa ya sani, Gogo."

"Nawa aka je aka ɗauko?"



Ta ce, "Namu ya shigo. Waɗannan na wasu ne. Ba su da mai kiransu, hanyar kawai suka gani suka biyo."

Na sake yi mata bayaninka daga farko, tashoshi da motoci da rana. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta musa ba. Ta ce, "Shi ya faɗi abin da suke. Ni ina faɗin su wane ne."

Washegari da hantsi ta ɗauki tabarma ta hau dutse. Na bi ta na ce, "Gogo, me kike yi?"

"Baƙo ba ya zuwa ya tarar da ba kowa. In ba su sami kowa a nan ba, cikin gida za su shiga nema."

"Zai ƙone miki ƙirji. Mancoba ya ce tsofaffi ma yana kama su."

"To ya kama. Nawa ya riga ya yi aikinsa. Nata bai fara ba."

Kullum yanzu haka ne, in dai babu hadari. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye tabarmar ta zauna a kan dutse babu shimfiɗa. Na kira fasto, ta ba shi shayi ta sallame shi. Ta fara tari, irin busasshen nan. Tana zaune tana fuskantar yamma, wani lokaci ina jin tana magana ƙasa-ƙasa, tana tambayar sunaye da garuruwa.

Kada ka rubuto mini cewa zamanta ba ya tare komai. Na sani. Ka rubuta wa masu tashoshin, ka rubuta wa editanka, ka gaya wa malamarka kada ta jira baɗi.

Zan tsaya nan, rana ta kusa take. Nakan kulle wa yarinya ƙofa in hau in riƙe wa Gogo laima. Na san laima ba ta tare iska. Amma uwata ce, ba zan bar ta ta karɓe su ita kaɗai ba.

Taka,
Lomasontfo